Tsakanin Gani Da Taka Birki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da aka yi haɗarin mota, ko ya je asibiti gaida wanda ya tsira, ya san maganar da direba ya kan yi. Ɗayan biyu ce. Ko ya ce, "Ban ankara ba sai ganinsa na yi a gabana," ko kuwa ya ce, "Na taka birki, mota ce ta ƙi tsayawa." Jama'a su kan ɗauka wanke kansa ya ke yi. Wani lokaci haka ne. Amma galibi gaskiya ya faɗa, sai dai bai san gaskiyar tana kama shi ba. Gama tsakanin sa'ad da ido ya ga abu da sa'ad da ƙafa ta taɓa birki akwai wani ɗan jinkiri wanda ba mahalukin da ya isa ya kawar da shi, a cikin wannan jinkiri kuwa mota ba ta jiran kowa.

Maganar ta shafe mu ƙwarai a ƙasar Malikanci. Ga kaka ta yi, rake ya soma fitowa daga fadamun Makarfi da Kudan, manyan motoci suna lodi a bakin hanya har dare, 'yan acaɓa suna ɗaukar mutum uku da buhu a hanyar Hunkuyi da ta Ikara. Ga Kirsimeti tafe, da bukukuwan aure, da tarurrukan zumuntar mata da na matasa waɗanda a ke ɗaukar shatar mota dominsu. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano kuma, wadda ta bi ta Tashar Yari, an sake gina ta, an buɗe a 2023. A da ramuka ne ke riƙe ƙafar direba. Da aka rabu da su sai maleji ya samu sake. Hanya ta canza, motoci sun canza, amma jijiyar ɗan Adam tana nan yadda Mahalicci ya yi ta. Masana sun fi shekara 150 suna auna ta har sun fitar da lissafinta, lissafin kuwa bai fi ƙarfin ɗan aji shida na firamare ba.

Gwajin takardar naira

Kafin mu je wurin masana, bari mai karatu ya gwada da kansa. Ka samu takardar naira dubu, ka riƙe ta daga sama tana reto. Ka ce wa ɗan'uwanka ya buɗe babban yatsa da manuni daidai tsakiyarta, kada ya taɓa. Ka ce masa in ka saki ya cafe, ta zama tasa. Kada ka ji tsoron asara, in dai ba cinta ya yi ya riga ka motsi ba. Tsawon takardar kimanin santimita 15 ne, rabinta 7 da rabi ke nan, abin da aka saki kuwa yana faɗuwa wannan tsawo cikin sakan 0.12, watau kashi 12 cikin 100 na sakan guda. Yatsun mutum ba su rufuwa da wuri haka.

In kana so ka san naka lokacin, sai ka yi da rular 'yan makaranta mai santimita 30, yatsu suna daidai sifiri. Inda ka cafe shi zai gaya maka. Santimita 5 daidai ta ke da sakan 0.10, santimita 11 sakan 0.15, santimita 20 sakan 0.20, in kuwa rular ta kusa kuɓucewa duka, ka kai sakan 0.25. A yi sau ashirin a rubuta. Za ka ga yawancin lambobin sun taru wuri guda, amma sau ɗaya ko biyu rula ta sulluɓe ta faɗi ƙasa, alhali kana kallonta, ba kuwa barci ka ke yi ba. Ka riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

A ɗakunan gwaji, inda a ke sa mutum ya danna maɓalli da zarar fitila ta kama, lafiyayyen saurayi ya kan ɗauki sakan 0.2 ko sama da haka kaɗan. In ƙara ce zai ji, wajen sakan 0.15, domin kunne ya fi ido saurin miƙa saƙo. Wannan shi ne masana ke kira lokacin maida martani. Akwai kuma iyakar da ba a wuce ta. A tseren mita 100, duk wanda ya motsa kafin sakan 0.1 ya cika bayan harbin bindiga, doka ta ɗauka bai jira ya ji ba. A kan haka aka fitar da Linford Christie na Ingila, wanda ke riƙe da kambun a lokacin, daga tseren ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, tseren da namu Davidson Ezinwa ya zo na shida. To in mutumin da ya yi shekaru yana horon jikinsa domin wannan abu kaɗai yana da iyaka, ina ga direban da ya kwana a tasha?

Yadda aka gano shi

Masana ilmin taurari ne suka fara cin karo da al'amarin. A 1796, a gidan nazarin taurari na Greenwich a Landan, shugaban wurin, Nevil Maskelyne, ya sallami mataimakinsa, wani saurayi mai suna David Kinnebrook. Aikinsu shi ne su duba ta madubin hangen nesa su rubuta daidai lokacin da tauraro ya ƙetare wani siririn zare, domin da wannan a ke saita agogon da jiragen ruwa ke dogara gare shi. Laifin yaron shi ne lokacin da ya ke rubutawa yana bayan na maigidansa da kusan sakan 0.8. Aka ce sakaci ne. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sai wani masani a Jamus, Friedrich Bessel, ya samu labarin, ya gwada kansa da abokan aikinsa, ya tarar kowa da nasa lokacin, har tsakaninsa da wani an samu bambancin kusan sakan guda. Ashe an raba yaro da abincinsa ne a kan abin da ke jikin kowa, har da maigidan da ya kore shi.

A wancan zamani har manyan malaman likita sun ɗauka saƙon jijiya kamar walƙiya ya ke, ba ya aunuwa. Hermann Helmholtz ne ya auna shi a 1850 da jijiyar ƙafar kwaɗo, ya samu kimanin mita 30 a sakan guda. In aka juya shi zuwa lissafin maleji, kilomita 108 ke nan a awa, watau gudun ƙaramar motar haya mai zuwa Kano. Na mutum ya fi na kwaɗo sauri, amma duk da haka tafiya ce saƙon ke yi, daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, daga ƙwaƙwalwa ta laka zuwa ƙafa, kowace tafiya kuwa da lokacinta.

Sai dai tafiyar ba ita ce mai cin lokaci da yawa ba. Wani likitan ido a ƙasar Holan, Franciscus Donders, shi ya nuna haka a 1868. Ya zaunar da mutum biyu, ɗaya ya furta gaɓar "ki", ɗayan ya maimaita da zarar ya ji, na'ura tana auna tsakaninsu. Sa'an nan ya sake gwajin, amma yanzu mai furtawa yana da zaɓi cikin "ka, ke, ki, ko, ku". (Bahaushe zai yi murmushi a nan, gama dukansu kalmominmu ne.) Da mai amsawa bai san wadda za ta fito ba sai lokacinsa ya ƙaru da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Donders ya ɗebe na farko daga na biyu, ya ce abin da ya rage shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗauka ta rarrabe abu ta yanke shawara. Tun daga nan tunani ya zama abin da a ke aunawa da agogo.

Ƙa'idodi biyu da tulu guda

Daga cikin lissafin da aka fitar bayan Donders akwai uku da ya kamata duk mai riƙe sitiyari ko kan babur ya sani.

Na farko na Henri Piéron ne, Bafaranshe, a 1914. Ya ce jinkirin kashi biyu ne. Akwai kashin da ba ya raguwa ko da fitilar ta kai hasken rana, akwai kuma kashin da ke ƙaruwa yayin da abin gani ko abin ji ya yi rauni. A wajen gani, in haske ya ragu sau takwas, wannan kashi na biyu ya kan ninku kusan sau biyu. Saboda haka da tsakar rana ƙarin haske ba ya ƙara maka kome, amma da almuru, ko cikin hazon hunturu, kowane ɗan raguwar haske yana ci maka lokaci. Gilashin da ƙura ta rufe da fitilar da ta dushe duk a nan su ke shiga.

Na biyu na William Hick ne, a Kambirij ta Ingila, a 1952. Ya jera ƙananan fitilu goma, kowace da maɓallinta. Ya tarar duk sa'ad da yawan abin zaɓi ya ninku, daga biyu zuwa huɗu, daga huɗu zuwa takwas, lokaci yana ƙaruwa da awo guda, wajen sakan 0.15 a kowane ninki. Mai cafe rula abu ɗaya ne a gabansa. Direban da akuya ta faɗo masa yana da birki, da hon, da kaucewa dama inda masu talla su ke, da kaucewa hagu inda tirela ke tafe.

Na uku shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin shi ne ya bayyana rular nan da ta sulluɓe. Roger Ratcliff a 1978, da Roger Carpenter na Kambirij daga baya, sun kwatanta yanke shawara da tara shaida har ta kai wani ma'auni. Mu ɗauki tulu a ƙarƙashin indararo. Abin da ido ke aikawa shi ne ruwan da ke zuba. Ƙwaƙwalwa ba ta ba ƙafa umurni sai tulu ya cika. In abin a fili ya ke, kamar gingimari da rana tsaka, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, nan da nan tulu ya cika. In mutum ne cikin baƙar riga da dare, yayyafi ne. In kana sa ran abin, misali ka hangi 'yan makaranta a bakin titi tun daga nesa, kamar tulun yana da rabin ruwa tun kafin hadari ya taso. In kuwa ka ƙaranta tulun domin ka yi sauri, sai ka riƙa zabura a banza, kamar direban da ya watsa mota cikin rami saboda leda ta taso, ko Christie da ya tashi kafin ya ji bindiga.

Yanzu ga lissafin. A ce tulun yana cin ƙwarya 12, ruwa kuma yana zuba ƙwarya 4 a minti. Zai cika cikin minti 3. Amma ruwan sama ba ya zuba daidai wa daida. In ya ƙaru da ƙwarya 2 ya zama 6, tulu zai cika cikin minti 2, ka ci ribar minti 1. In ya ragu da ƙwarya 2 ɗin nan dai ya zama 2, sai ya ɗauki minti 6, ka yi asarar minti 3. Ƙari da ragi daidai su ke, amma asarar ta ninka ribar sau uku. Shi ya sa in aka zana sakamakon gwaji dubu na mutum guda, ba a samun tudu mai gefe biyu daidai. A kan samu gefen sauri a tsaye kamar bango, gefen jinkiri kuwa ya ja doguwar wutsiya. Ba mai iya yin sauri fiye da kima, amma kowa, kome ƙwarewarsa, ya kan yi jinkiri fiye da kima jefi-jefi, ba kuwa ya sanin sa'ad da zai zo masa.

Wannan ita ce amsar mai cewa, "Shekarata ashirin ina tuƙi ko kaza ban taɓa takewa ba." Da matsakaicin lokacinsa ya ke fahariya. Haɗari kuwa a wutsiyar ya ke zaune, ranar da jinkirin nan na jefi-jefi ya gamu da yaron da ya biyo ƙwallo.

A kan kwalta

Lambar 0.2 ta ɗakin gwaji ce, inda yatsa ke kan maɓalli. A hanya sai an gane abin da aka gani, a zaɓi abin yi, a ɗaga ƙafa daga totur a kai ta birki. A 1971 wasu masana biyu a Suwidin, Johansson da Rumar, sun gwada direbobi 321 a kan hanya, an kuwa gaya musu za su ji ƙara a gaba su taka birki. Na tsakiyarsu ya ɗauki sakan 0.66, amma an samu waɗanda suka kai sakan 2. A shekarar 2000 Marc Green ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya ce direban da ke sa ran abu yana ɗaukar kamar sakan 0.7, in abin da aka saba gani ne amma ba a sa ransa ba, kamar jar fitilar motar gaba, sakan 1.25, in kuwa ba-zata ce sosai, sakan 1.5. Injiniyoyin Amurka da sakan 2.5 su ke lissafi in za su tsara hanya, domin su rufe wutsiyar nan.

Mu ɗauki 1.5. In kana so ka san mita nawa mota ke ci a sakan guda, raba abin da maleji ya nuna da 3.6. A kilomita 60, kusan mita 17 ne a sakan, saboda haka motar za ta ci mita 25 kafin ƙafa ta taɓa birki. A 80, mita 33. A 100, mita 42. A 120, mita 50. Duk wannan birki bai soma aiki ba tukuna, ko sabo ne fil daga kamfani.

Bayan an taka kuma akwai jan da mota za ta yi, shi kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninku biyu, ja yana ninkuwa huɗu. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, ƙaramar mota tana ja kimanin mita 20 a gudun 60, mita 36 a 80, mita 56 a 100, mita 81 a 120. In an haɗa da na farko, mai gudun 60 yana bukatar mita 45 ya tsaya, mai 100 yana bukatar mita 98, kusan tsawon filin ƙwallo, mai 120 kuwa mita 131. In kwalta ta jiƙe, ko taya ta suɗe, ko an yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta, abin ya wuce haka.

To bari mu sa yarinya mai tallan rake a Tashar Yari, ta hangi mai saye a ƙetaren titi ta ruga. Tsakaninta da mota mita 45, watau kamar taki 60 na babban mutum. Direba huɗu, dukansu lafiyayyu, idonsu a kan hanya, birkinsu garau, jinkirinsu ɗaya. Mai gudun 60 zai tsaya daf da ita, ya fito ya yi faɗa, kowa ya kama gabansa. Mai gudun 80 ya riga ya cinye mita 33 kafin ya taka, saura 12, zai same ta da gudun kilomita 65. Mai 100 saura mita 3 da 'yan kai, zai same ta da gudun 97, kamar bai taka ba. Mai 120 kuwa zai wuce wurin ƙafarsa ba ta kai ga birki ba. Shi ne zai rantse bai gan ta ba sai a gabansa, ba kuwa ƙarya ya yi ba. Bambancin 60 da 80 a maleji ɗan motsin allura ne. A jikin yarinyar bambancin komawa gida ne da rashinsa.

Ɗan acaɓa kada ya ce wannan na masu mota ne. A gudun 60 shi ma mita 25 zai ci kafin ya matsa birki, a kan burji mai tsakuwa kuma tayarsa ba ta kama ƙasa kamar kwalta, ga mutum uku a baya.

Da dare ƙa'idar Piéron da wannan lissafi su kan haɗa kai. Ƙaramar fitilar mota tana haska wajen mita 50 zuwa 60 ne. Mai gudun 100 yana bukatar 98. Watau yana tafiya ne cikin bege cewa ba kome a duhun da ke gabansa. A kakar rake kuwa duhun nan ba ya rasa kome: motar da ta lalace ba fitilar baya, amalanken shanu mai komowa daga fadama, babur marar wuta, ko mai keke ɗauke da dami a gicciye. Al'adarmu ce in mota ta lalace a karyo ganye a zuba a bayanta, dabara ce mai kyau, amma yawanci taki goma ko ashirin a ke zuba shi. Ganyen da ke taki ashirin ba ya gargaɗin kowa, sai dai ya shaida inda aka yi karo. A babbar hanya ganyen farko ya kamata ya kasance taki 130 ko fiye daga motar.

Abubuwan da ke tsawaita wutsiya

Barasa tana rage zubar ruwan nan cikin tulu, ko burukutu ce ko ta kwalba, tana kuma sa mai ita ya ji kamar ya fi kullum ƙwarewa. Wannan kowa ya sani, ko da ya ke a bikin aure a kan manta. Abin da ba a cika sani ba shi ne rashin barci. A shekarar 2000 wasu masana, Williamson da Feyer, sun gwada ma'aikatan sufuri a Ostareliya suka tarar wanda ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu aikinsa ya lalace kamar na wanda ke da barasa awo 0.05 cikin ɗari a jininsa, awon da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Direban da ya tashi ƙarfe huɗu na asuba domin lodi, da tara na dare ya cika awa 17. Mu ma abin ya taɓa mu. Ɗan'uwan da ya kwana a majami'a daren shiga sabuwar shekara, gari ya waye ya kwashi iyali zuwa ƙauye, bai sha kome ba, amma jijiyarsa ba ta san da wannan ba. Goro da shayi su kan ɗan taimaka na ɗan lokaci, ba su biyan bashin barci. Ƙwayoyin da samari ke haɗiya domin su jure aiki, irin su tiramadol, gajiyar su ke ɓoyewa, jinkirin yana nan har da ƙari.

Sai wayar hannu. Wani gwaji da aka yi a Ingila a 2002 ya nuna mai magana da waya a hannu martaninsa ya fi na wanda ya sha barasa daidai iyakar dokarsu jinkiri. Mai duba saƙo kuwa ba ma a maganar tulu a kansa, gama ya kawar da shi daga ƙarƙashin indararo gaba ɗaya. Duban sakan 3 a gudun 100 tafiyar mita 83 ce ido a rufe.

Tsufa ma yana ƙara jinkiri sannu a hankali. Amma sau da yawa dattijon direba ya fi saurayi tsira, domin ya koyi sa rai. Ya hangi ƙwallo ya san yaro na biye. Ya ga bas ta tsaya a gefe ya san wani zai ɓullo ta gabanta. Tulunsa da rabin ruwa ya ke tafiya, ƙafarsa kuma ta riga ta bar totur. Bambancin 0.7 da 1.5 ke nan, a gudun 80 kuwa ya kusa mita 18.

Na san abin da wani zai ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba na jayayya cewa kwanakinmu suna hannun Ubangiji. Amma wanda ya ƙidaya kwanakin shi ne ya sa wa jijiya iyakarta, ya kuma ba mu hankalin da za mu auna ta. Direban da aka yi wa addu'a a ƙofar majami'a, ya fita ya ƙure maleji da mata goma sha takwas a bayansa, a ganina gwada Allah ya ke yi, fasinjan da suka yi shiru kuma sun taya shi.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, ta sa iyakar gudu a babbar hanya mai tagwayen hannu: ƙananan motocin gida 100, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. A cikin gari 50 ne ga ƙananan motoci. Dattawan ikkilisiya da shugabannin zumunta masu ɗaukar shatar mota suna da ikon da fasinjan tasha ba shi da shi, domin su ne masu biya. Su tambayi direba inda ya kwana da ƙarfe nawa ya tashi. Su duba taya da fitilun baya da idonsu. A tashi da wuri domin a iso kafin almuru, ko da za a rage jawabin ban kwana. A zaunar da mutum guda mai faɗa a ji kusa da direba, wanda ba zai ji nauyin cewa a rage ba, shi ne kuma zai amsa wayar direban in ta yi ƙara.

Tazara tsakaninka da motar gaba kuma da sakan a ke auna ta, domin ido ba ya iya ƙiyasta mita cikin gudu. Ka lura da sa'ad da motar gaba ta wuce wata alama, ko turken lantarki ko bishiya, ka soma ƙirga, "dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku." In ka iso alamar kafin ka gama, ka matse ta da yawa, sai ka ja baya. Da dare, ko cikin ruwa, ko cikin hazo, ko in kana bayan motar rake wadda dami ke iya zamowa daga kanta, a ƙirga har dubu da biyar.